Shi Ya Ba Ni

Dakta Rumasa'u Bakanuwa ce ta cikin ganuwa, kuma in kana neman ɓacin ranta to ka taɓa mata Hausa. Shekara tara tana koyar da dokar mallakar filaye a tsangayar shari'a ta wata jami'a a Abuja, amma har gobe in mai gadi ya ce mata, "Madam, motarka ya yi datti," sai ta runtse ido kamar an taka mata yatsa.

Tsangayar ce ta kafa ƙungiyar bincike, wai a haɗa lauyoyi da masanan wasu fannoni su duba yadda ƙauyukan Abuja ke gadon ƙasa. Farfesa Badaru ne shugaba. Akwai Rumasa'u, akwai mai zana taswira, sai Silas, malamin harsuna, wanda ya girma a Bwari yana jin Gbagyi da irin Hausar da ake yi a can. A takarda dai kowa daidai yake da kowa. A ɗakin taro kuwa, lauyoyi ke ta zuba, Silas na can gefen fanka, ba a tuna shi sai an zo sa hannu.

Ranar da aka tsara zuwa Ushafa, Silas yana da aji. Rumasa'u ta ce ba sai an jira shi ba, ta ɗauki rikoda ta tafi. Can ta sami Mama Justina, tsohuwar maginiyar tukwane, mai ramin yumɓu a bayan dutse. Mata goma sha ɗaya ne ke ɗibar yumɓu a ramin nan, da shi suke ci, da shi suke sa yara a makaranta.

"Mama, wa ya ba ki wannan wuri?" in ji Rumasa'u.

Tsohuwa ta ce, "Wanda ya haife ni, shi ya ba ni. Shi ma wanda ya haife shi ne ya ba shi."

Shi ke nan, abin nema ya samu. Rumasa'u ta rubuta cewa ramin na gidan uba ne, daga kaka zuwa uba ya biyo, riƙo kawai Justina ke yi. Tsohuwa ta ci gaba da surutunta na gini da gashin tukwane, rikoda na ɗauka, amma hankalin Dakta ya riga ya koma mota. Ina ruwan doka da tulu?

Da ta dawo, Silas ya ce, "Dakta, ki ba ni muryar in saurara mana."

Ta yi dariya har da tafa hannu. "Haba Malam Silas! Da Gbagyi ta yi magana? Hausa ce fa. Ni za a fassara wa Hausa?"

Silas bai ƙara tambaya ba. Rahoto ya fito da sunayensu duka, aka yi taro, aka sha lemo, aka yi hotuna.

Bayan wata takwas, wata Talata da hantsi, Silas ya shigo ofishinta ko sallama bai ƙarasa ba. Ya ajiye mata takardun kotu a kan tebur. Ishaya, ɗan wan Justina, ya kai ƙara cewa ramin gadon gidan kakansa ne, kuma wani kamfanin gine-gine na jiran ya miƙa musu filin. Lauyansa ya jingina da shafi na arba'in da ɗaya na rahotonsu, inda tsohuwar da bakinta ta ce na ubanta ne. Kotu ta ba Ishaya gaskiya.

"To ai abin da ta faɗa ke nan," in ji Rumasa'u.

Silas ya ce, "Na samo muryar a ma'ajiyar ƙungiya. Ki ji gaba kaɗan."

Ya kunna. Muryar tsohuwa ta cika ofis: "Shi ya koya mini gini. Yana goye da ƙanina, yana ba shi nono, hannunsa yana cikin yumɓu."

Innalillahi! Sai yanzu Rumasa'u ta gane. Uwa ce. Uwarta take nufi, da uwar uwarta. A bakin Mama Justina kowa "shi" ne, mace da namiji, kamar dai mai gadin da take runtse wa ido kullum safiya. Shekara tara tana jin wannan Hausar, raini ne ya hana ta saurare ta.

Silas ya ce lauyan Justina zai ɗaukaka ƙara, abin da yake buƙata kawai takardar rantsuwa daga wadda ta rubuta shafin, ta ce kuskure ta yi.

Ta tashi ta nufi ofishin Farfesa Badaru. Ya saurare ta tsaf yana juya biro.

"Dakta, a bi a hankali," in ji shi. "Sunan tsangaya ne a kan rahoton nan, ba naki kaɗai ba. Bari kwamiti ya zauna. Ke lauya ce, kin san ba a garaje."

A nan ne fa ta yi abin da ba za ta taɓa yafe wa kanta ba: ta ji daɗin maganar. Wallahi ta ji daɗinta, don kunyar tsayawa gaban alƙali ta ce ba ta fahimci Hausa ba ta fi mata komai nauyi. Ta jira kwamiti. Aka ɗage zama don Farfesa ya yi tafiya, aka sake ɗagewa don mutane ba su cika ba. In ta hango Silas a baranda sai ta canza hanya. Abinci ya daina yi mata daɗi.

Rana ta goma sha tara ta gaji da kanta. Ta rubuta takardar, ta je ta rantse, ta kira Silas ta ce ya raka ta Ushafa, ta fara nuna wa tsohuwar kafin kowa.

Tun daga kwanar dutse suka ji ƙarar katafila. Ramin babu shi. Tifa-tifa sun juye jan marmara a ciki, an daddaɓe, har an fara kafa ginshiƙan katanga. Matan na zaune a ƙarƙashin wata bishiyar mangwaro da kwandunansu.

Mama Justina ta gane ta tun kafin ta ƙaraso. Ta nuna ta da haɓa, ta ce wa matan, "Shi ne ya zo da rikoda."

Rumasa'u ta durƙusa a ƙasa da lallausan mayafinta, ta miƙa takardar da hannu biyu. "Mama, na yi kuskure. Ki yafe mini. Ga shi na gyara, na rubuta cewa mahaifiyarki ce ta ba ki."

Tsohuwa ba ta karɓa ba. Ta dubi takardar, ta dubi inda katafila ke kai da komowa.

"'Yata," in ji ta, "uwata ya mutu tun tuni, na binne shi da hannuna. Jiya kun sake binne shi."