Kaburbura Bakwai a Bayan Jiwa

Shekara goma sha ɗaya Nicholas yana tuƙa katafila, bai taɓa kashe inji ana tsakiyar aiki ba sai ranar. Wani fili suke sharewa a bayan Jiwa, a gefen Abuja, inda kamfaninsu zai gina rukunin gidaje. Yana ture wata doguwar ciyawa sai ga tudun ƙasa bakwai a jere, kowanne da gicciyen ƙarfe mai tsatsa. Biyu ƙanana ne ƙwarai.

Hadari ya haɗo daga gabas, gari ya yi duhu, iska ta ɗauke cak.

Oga Edward, mai kula da aikin, ya taho da sauri.

"Nicholas, mai ne ya ƙare?"

"Oga, mutane ne kwance a nan."

"To, tashinsu za ka yi? Gobe za a zo duba fili. In aka ga wannan, aiki ya tsaya ke nan. Bi ta kai, minti biyar ne."

Nicholas bai motsa ba. Edward ya hau matakalar katafilar, ya rage murya.

"Ɗan'uwa, coci ɗaya fa muke zuwa. Daga Litinin kai ne shugaban direbobi, ka ɗauki wanda ka so, ka kori wanda ka so. Ga ɗaki biyu a Jabi, da wuta da ruwa. Ko ka fi son 'yarka ta ci gaba da tari a ramin nan naku na Dei-Dei?"

Maganar ta soke shi. Tun shigowar damina bangon ɗakinsu yake tsattsafo, ƙirjin Marvel, 'yar autarsa, kullum yana kuka. Hannunsa ya koma kan makulli. Wa zai sani? Matattu ba sa kai ƙara. Sai ya hango kansa ranar Lahadi yana miƙa wannan hannun don karɓar jibin Ubangiji a coci. Da jini Yesu ya fanshi ransa, shi kuma ya sayar a kan ɗaki biyu? Waɗannan bakwai za su tashi wata rana, shi ma zai tashi, a gaban Alƙali ɗaya.

Ya zare makullin ya miƙa wa Edward.

"Oga, ka yi haƙuri. Ba zan iya ba."

"In ka sauka, ko baro ba mai sake ba ka a Abujan nan."

Ya sauka. Ya nufi titi yana neman kalmomin da zai faɗa wa matarsa Christina. Bai kai bakin hanya ba ya ji an tayar da injin a bayansa.