Bakin Pak Harjito Ranar Dokar Yashi

Pak Harjito, kamar a ce Malam Harjito, ya yi zango biyu a majalisar tarayya a Jakarta, babban birnin ƙasarmu, ya faɗi zaɓe, ya dawo garinmu na bakin teku. Jam'iyyarsa ta gaya masa ba zai ƙara ganin takara ba sai ya nuna yana da jama'a. Kujerar da ta saura a kusa ita ce ta shugaban ƙungiyar masunta, sai ya nema.

Abu ɗaya ya tare masa hanya. A zamaninsa ne majalisa ta amince da dokar da ta ba kamfanoni damar kwasar yashi daga ƙarƙashin teku. Tun zuwan jiragen yashi ruwa ya gurɓace, kifi ya yi nisa, gaɓa ta fara zaizayewa. Masunta suna son sanin abin da ɗan garinsu ya ce a ranar.

Ni aka kira shaida, domin a lokacin ni nake aiko wa jaridarmu rahoton majalisa. An yi taron zaɓen a zauren ƙauye bayan la'asar, Mbah Kasmuri, dattijon masunta, yana jagora.

Na fara da abin da aka rubuta. Pak Harjito bai kai ƙuduri ko ɗaya ba. Ya shiga kwamitin kamun kifi, ya je Norwe tare da kwamitin ganin yadda suke yi. Sau ɗaya ya yi jawabi, ya roƙi a rage sanyin na'urar sanyaya zauren majalisa.

"An rage?" in ji Bu Sumirah, wata mata mai ƙyafe kifi a kasuwa.

"An rage, Bu."

"To, ai ya yi aiki."

Pak Harjito ya yi murmushi, ya gyara hularsa. "Dokar yashi kam ban goyi bayanta ba," in ji shi. "A duba, in an ga sunana a cikin masu goyon baya in bar garin nan."

"Mas Gunadi," Mbah Kasmuri ya dube ni, "sunansa yana ciki?"

"Babu sunan kowa, Mbah. Ba a ƙirga ƙuri'a ba. Shugabannin jam'iyyu sun gama daidaitawa tun a ɗaki. A zaure shugaban zaman, mai riƙe da guduma, ya tambaya, an yarda? Zaure ya amsa baki ɗaya, an yarda. Ya buga guduma."

"Kamar dai namu," in ji Mbah Kasmuri.

"Kamar namu, sai dai su da albashi," in ji Bu Sumirah. Ta juyo gare ni. "Kai kana ina?"

"A benen 'yan jarida, saitin kansa."

"Ya buɗe baki ko bai buɗe ba?"

A daidai nan 'yan mata suka fara raba kwalayen taɓa-ka-lashe, kamar yadda ake yi a kowane taro. Na jira suka wuce layina.

"Bakinsa ya motsa," na ce.

Kowa ya juya ya dubi Pak Harjito. Na ci gaba.

"Sai dai a majalisa ma ana raba irin kwalin nan. Lokacin da aka yi tambayar, ya riga ya ɓare lemper ɗinsa daga ganyen ayaba ya kai baki. Shinkafa ce mai danƙo, kun san ta. Ko amsawa yake yi ko tauna, daga bene ba a bambancewa."

"Tauna nake yi," in ji Pak Harjito. "Allah ne shaida."

"Na yarda da kai, Pak," in ji Bu Sumirah. "Ubana ma ya ce tun kana yaro ba ka magana in kana cin abinci. Tarbiyya ce."

Wani daga baya ya tambaya ko bayan ya haɗiye ya ce wani abu. Na ce ya nemi shayi.

A garinmu ba a ce wa babban mutum a'a a gaban idonsa, balle wanda ya rufa wa masallaci kwano. Ba a kuma ƙirga hannu, sai an ji murya ɗaya. Pak Harjito ya san haka, shi ya sa ya miƙe tsaye ya haɗa hannuwa a ƙirji, yana fuskantar jama'a.

Mbah Kasmuri ya ɗaga ƙaramar gudumarsa. "Pak Harjito ya zama shugaban ƙungiya. An yarda?"

Bu Sumirah ta buɗe kwalinta, ta ɓare ganye, ta cika baki. Na kusa da ita ya yi haka. Kafin Mbah ya maimaita tambayar, ba ka jin komai sai ƙarar kwali da ganye. Ya bi layi-layi da ido, kowane baki yana motsi.

"Ni tsoho ne, ba na ji sosai," in ji shi. Ya ajiye gudumar ba tare da ya buga ba. "Akwai wani suna?"

Aka kawo sunan wani mai kwale-kwale, Sarkowi. A lokacin an gama haɗiya, amsa ta fito sarai: an yarda.

A bakin ƙofa Pak Harjito ya riƙo hannun rigata. Direbansa ya riga ya tada mota.

"Mas, in za ka rubuta, jam'iyya za ta karanta. Ka rubuta cewa babu mutum ɗaya da ya ce a'a."

Na rubuta, domin haka aka yi.