Tukunyar Luvenia Ba Ta Koma Fanko Ba

"Turo ƙofar nan, 'Yar'uwa Luvenia," in ji Dikon Ozell daga kan gado. "Ba don romonki na sa a kira ki ba."

"Sannu, sarkin godiya," ta ce, ta dire tukunyar romon kaza a kan tebur.

Tun suna da ƙuruciya shingen waya ɗaya ne tsakanin gidajensu a wannan ƙauye na jihar Alabama ta Amurka, kuma ba ranar da ba su tsokani juna ba. Yau ciwo ya cinye shi, sai idanu. Tausayinsa ya kama ta har ta kau da kai wajen taga. Motar ɗan sanda tana nan a gindin bishiya, inda take kafewa tun da Ozell ya je rubuta sunansa don jefa ƙuri'a, abin da hukumar garin ba ta son baƙar fata ya yi.

"Jira suke na cika su shigo bincike," ya ce. "In suka ga abin nan, ba za su rasa laifin da za su laƙa wa Dovie ba."

Dovie, matarsa, ta zura hannu ƙarƙashin katifa ta zaro ƙaramar bindiga naɗe a tsumma. Luvenia ta san ta. Da ita yake zama a baranda tun shekarar da Turawan nan masu fararen riguna, maƙiya baƙar fata, suka ƙone gidan ƙanensa, kuma bai taɓa harba ta ba. Doka ta ce shugaban 'yan sanda yana ba mai halin kirki izinin riƙe irinta. Halin kirkin nan kuwa, a gundumar kaf, ba a taɓa ganinsa a jikin baƙar fata ba.

"Tun kafin a haifi yaron can na cikin mota nake dikon a coci," in ji Ozell, yana dariyar da ta koma tari. "Har yau ban kai mutumin kirki ba."

"Ni ma da za su tambaye ni, haka zan shaida," Luvenia ta ce.

Dovie ta juye romon a kwano, ta goge tukunyar, ta kwantar da bindigar a ciki, ta rufe ta da burodin masara mai zafi.

"Uwata ta ce ba a mayar da tukunyar maƙwabci fanko," ta ce.

Luvenia ta rungumi tukunyar ta fito. In aka kama ta da wannan a kan hanya, sai gidan yari. Ɗan sandan, wani saurayi Bature mai jan wuya, ya leƙo ta tagar mota.

"Anti, me aka samu ne?"

"Burodi ne, yallaɓai." Ta ɗaga murfin da kanta, tururi ya tashi. "Na gidan mara lafiya ne. Ciwon ƙirjin nan mai yaɗuwa, ka sani. A gutsuro maka?"

Saurayin ya janye kansa ciki kamar kunkuru.

Ba ta yi sauri ba, ba ta waiwaya ba. Ta tura ƙyauren shingenta, ya yi kukan tsatsar da ya saba. Ta binne abin a cikin buhun gari, ta juyo da hanzari don ta kai wa Ozell labari, har ta tanadi tsiyar da za ta yi masa.

Ta tarar da Dovie zaune a bakin gado, ta riga ta shafe masa idanu.

"Ban kai ga faɗa masa ba," Luvenia ta ce, hawaye ya ɓalle mata.

"Ya ji," in ji Dovie. "Kunnensa na wajenki. Ƙyaurenki na yin kuka ya saki hannuna."

Luvenia ta zauna kusa da ita. Can ta miƙa hannu ta tsayar da agogon bango, kamar yadda ake yi a nan in an yi rasuwa a gida, garin da ke yatsunta ya bar farin tabo a jikin gilashin.