Daron Irin Doya a Kan Dutse

Ƙarfe shida da rabi na safe, gari ya kwana da zafi, ko ganye ba ya motsi. Na tsayar da kekena mai ƙafa uku na haya a Kakuri, ƙofar shagon Mama Miriam mai doya. Shekara uku ke nan ina ɗauko mata kaya daga kasuwa, amma ran nan ba kasuwa muka nufa ba.

Mama Miriam 'yar Gbagyi ce, ta haura sittin. Tana da 'yar gona a kan wani dutse ta hanyar Kujama, cikin wani kwari can sama inda ƙasa ta taru, shanu ba sa kaiwa. Ta riga ta yi kunyoyi, saura shuka. Daro ɗaya na irin doya ta adana tun kaka, kowanne ya fito da tsiro. Ɗanta da ya saba kai mata ya tafi aiki Abuja. Ta ce da zarar ruwan farko ya sauka, dutsen santsi yake yi kamar an goga masa sabulu, mutum ya hau hannu wofi ma da ƙyar, balle da kaya. In irin bai hau yau ba, gonar bana ta tafi.

A gindin dutsen ta dube ni. "Yahaya, ka taɓa hawa dutse kuwa?"

"Na hau bene mai hawa uku a Barnawa, Mama."

"To, ai ka gama hawan duniya."

Dutsen baƙi ne, sumul, kamar bayan giwar da ta kwanta. Na naɗa gammo, na ɗora daron a ka, yadda na ga kowa na yi a gidanmu a Nasarawa. Ta dubi daron a kaina, ta wuce gaba. Ba ta miƙe hanya ba. Ta yi dama, ta yi hagu, taku ƙanana, tafin ƙafarta gaba ɗaya a kan dutse. Ko numfashinta ba na ji.

Mun kai rabi sai dutsen ya miƙe tsaye. Nan na gane abin da na yi wa kaina. Mai kaya a ka ba ya sunkuyawa, ni kuwa ina bukatar ganin inda zan sa ƙafa. Na ɗan duƙa kaɗan, daron ya karkace. Doya biyu suka faɗo, suka gangara suna tsalle har na daina jin ƙararsu. Na tsaya cik. Gabas kuma ta fara yin baƙi.

"Kada ka motsa, ɗana," ta ce.

Ta sauko da baya, ta riƙe bakin daron, muka sauke shi tare. Ta duba tsiron ɗaya bayan ɗaya.

"Mu Gbagyi, a wurinmu kai na tunani ne, ba ma ɗora masa kaya. Kawo kafaɗarka."

Ta maida gammon bayan wuyana, wajen kafaɗar hagu, ta zaunar da daron a kai, ta sa na riƙe bakinsa da hannu ɗaya. Da farko kamar wuyana zai tsinke. Amma ga ƙafafuna ina gani, ga ɗayan hannuna yana dafa dutse.

"Kai direba ne, ko? To, sa giya ta ɗaya."

Haka muka tafi. Duk inda ta ɗaga ƙafa, nan nake sa tawa.

A sama iska ta canja, mai sanyi, ba irin ta gari ba. Akwai itatuwa gajeru da suka tsiro cikin tsaga, da tsuntsaye suna shawagi a ƙasa da mu. Can nesa ga Kaduna a shimfiɗe, rufin kwano sai ƙyalli. Ni da nake yawo cikinta kullum ban san tana da faɗi haka ba.

Ba mu huta ba. Tana haƙa, ina miƙa mata iri, tana rufewa da busasshiyar ciyawa. Saura kunya huɗu yayyafi ya fara. Ta ƙarasa su a jiƙe, ba ta ko ƙara sauri ba.

Muka fake ƙarƙashin wani dutse mai baki kamar rumfa. Ta ce sai rana ta busar da hanya za mu sauka, a zaune in ta kama. Ruwa ya fara biyo tsaga yana nufar inda take zaune. Na sa diddige na ja masa hanya ta gefe. Ita dai idonta na kan kunyoyinta, tana kallon yadda suke shan ruwa.