Wa Ke Karɓar Ashirin da Tara?

Bernadette Tafoya ta gama tambayoyinta, har ta dafa tebur za ta miƙe, sai matar da ta zo neman aikin ta ɗaga yatsa.

"Ni ma ina da tambaya ɗaya, in ba damuwa."

Sunanta Shonda Whitlock. Ta daɗe tana girki a wata makarantar firamare, kuma tun shigowarta kicin ɗin gidan kula da tsofaffin take leƙa tukwane kamar wadda ta zo saye. Bernadette ta ji ta kwanta mata tun kafin su zauna. Bikin godiya na shekara-shekara, wanda ake gasa talotalo, ya matso, kuku ɗaya ya ajiye aiki, ga tsofaffi fiye da tamanin da ake ciyarwa safe, rana da dare.

"A tallar aikin kun rubuta dala ashirin da ɗaya zuwa ashirin da tara a awa," in ji Shonda. "Ni kin ce ashirin da uku. Ba fushi na yi ba. So nake in san wa ke karɓar ashirin da tara ɗin, in ga me yake yi wanda ban iya ba."

Bernadette ta sake duba takardar da ke gabanta. Ita ce shugabar kicin ɗin tun kafin jihar Colorado ta wajabta rubuta albashi a tallar aiki, amma nata cefane ne da tsara wa kowa ranakun aikinsa. Kuɗi na ofis ne. Su aiko mata da adadi, ita kuma ta faɗa wa mai nema.

"Ban sani ba," ta ce. "Ki ba ni zuwa yamma."

Tana raka ta ƙofa ta dawo ta tsaya kan Earl Dubicki, wanda ya girmi kowa a kicin ɗin, yana dama dankali a babbar tukunya.

"Earl, nawa ake biyanka?"

"Ikon Allah! Da sanyin safiyar nan? Matata ma sai da ta sha wuya kafin ta sani."

"Faɗa min, tsoho. Kai ne na ashirin da tara?"

Ya yi dariya har sai da ya ajiye muciya. "Ashirin da shida. Shi ma ƙwata na yi. Wata rana na cire rigar girki na ajiye wa manaja Gunderson a tebur, na ce wani gidan abinci a cikin gari yana nemana."

"Akwai gidan abincin kuwa?"

"Akwai mana. Ba su dai san da ni ba." Ya ɗauki muciyarsa. "Amma wannan dokar taku ta rubuta albashi a talla ta kashe min kasuwa, Bernie. Yanzu ko na je, cewa yake in ya ƙara min sai ya fito a talla, kowa ya biyo sahu. Da can kowa bakinsa ke ƙwatar masa."

"Wanda bakinsa ke da nauyi fa?"

"Sai ya koya. Ni wa ya koya min?"

Ta bar shi. Lokacin raba abincin rana ta tambayi sauran kukun biyu, suka faɗa mata ba musu: ɗaya ashirin da ɗaya, ɗaya ashirin da biyu. Tana tura keken faranti zuwa ɗakin cin abinci tana juya abin a ranta. Ba haushi take ji ba. Ji take kamar ta ga murfi a kicin ɗinta ta rasa tukunyarsa. Wata tsohuwa ta riƙe mata hannu tana ƙorafin miyar barkono ba ta kai ta jiya yaji ba, Bernadette ta yi mata alkawarin gobe, amma hankalinta na ofis.

Ta sami Craig Gunderson, manajan gidan, yana cin burodi da cuku a gaban kwamfuta. Mutum ne mai sauƙin kai, shi ya zo jana'izar mahaifiyarta da tulin furanni.

"Craig, ƙarya muka rubuta a talla? Na bi kowa, ba mai karɓar ashirin da tara."

Ya goge baki. "Ba ƙarya ba ne. Lauya ya ce mu sa mafi ƙanƙanta da mafi girma da muke biya a matakin kuku. Akwai mai karɓa."

"Wa?"

Ya dube ta kamar yana jiran ta yi dariya. "Ke mana."

"Ni albashin shekara nake karɓa, ba na awa ba."

"Raba shi da awa arba'in a mako ki gani. Da aka ba ki kicin ɗin an ƙara miki kuɗi, amma a takarda har yau babbar kuku ce ke."

Ta ja kujera ta zauna. Ba ta taɓa raba albashinta da awa ba. Kuma rabonta da yin awa arba'in kawai a mako har ta manta. Ta tuna Asabar ɗin da take zuwa karɓar kayan miya, da ranakun da masu duba tsafta ke zuwa ta rigaye kowa ta bar wurin bayan kowa. In aka sa waɗannan, anya ta kai Earl ma?

"Kenan kukun da ke ƙarƙashina zai iya karɓar abin da nake karɓa."

"In ya zo da shekarunki na aiki, a ƙa'ida, e." Ya sosa ƙeya. "Bernie, ba ki taɓa cewa komai ba. Na ɗauka kin gamsu."

"Ni ma haka na ɗauka."

Can Bernadette ta ce matar da ta zo ɗazu ta fi ƙarfin ashirin da uku, kuma in suka bari ta kuɓuce, shi zai zo ya gasa talotalon biki da hannunsa. Ya yi 'yar gardama, ya tsaya a ashirin da biyar.

Da yamma ta fita bayan kicin inda motocin kaya ke saukewa, ta kira Shonda.

"Na samo miki amsa. Ni ce."

"Ke? Ba ke ce shugaba ba?"

"Ni ce. Abin da nake yi wanda ba ki iya ba kuwa, zuwa aiki ranar Asabar kyauta."

Shonda ta tuntsire da dariya, sannan ta katse. "Yi haƙuri, 'yar'uwa. Ban so in tono miki wani abu ba."

"Ba komai. Na samo miki ashirin da biyar. Ya fi na wasu da kika tarar, kuma za su sani, don ni ba zan ɓoye ba. Za ki zo?"

"Zan zo Litinin." Sai ta ƙara da cewa, "Kin san wani abu? Da nake neman aiki na ga wani gidan tsofaffi a garin Aurora yana neman shugabar kicin. Talatin da huɗu zuwa arba'in suka rubuta. Ban nema ba, na san ban kai ba."

Bernadette ta waiga. Ta tagar kicin tana hango Earl yana ɗanɗana miya yana yamutsa fuska, ta san gishiri zai ƙara, ta kuma san likita ya hana rabin mutanen gidan gishiri. Wa zai riƙa tsawata masa in ba ta nan?

"Ba inda za ni," ta ce. "Na saba da mutanen nan."

"Na gane."

"Amma turo min. Gani kawai zan yi."