Muryar Kano a Rediyon Garwa

"Ba su zo ba," in ji Madam Hortense, ta dangwarar da wayar a kan tebur. "Masu jin Fulatanci sun kai yaransu, masu jin Faransanci sun kai. Matan unguwar Hausawa kuwa ko ɗaya. Sashen wa ne wannan?"

"Nawa ne, Madam," in ji Estelle.

Da Faransanci suke magana, domin shugabar gidan rediyon ba ta jin Hausa sai ta cinikin tumatir. Ƙaramar tasha ce a Garwa, can ƙetaren iyakar Najeriya, ɗakin watsa shiri da ofis, sai eriya a kan rufin kwano. Estelle tana gwajin aiki a sashen Hausa, kuma ita ta karanta sanarwar allurar rigakafin ƙyanda da ake ta maimaitawa tun farkon mako. Yau aka fara allurar, gobe za a rufe. Gwajin nata ma gobe zai ƙare.

"Gobe da hantsi za ki shiga kai tsaye," in ji Madam. "Malam Ridwan zai zauna ya saurare ki, ya gaya mini ko kin iya. In ya ce a'a, ga Hashim can yana jiran kujerar. Shi da Hausar aka haife shi."

Estelle 'yar tsaunukan Mokolo ce. Harshen Mafa ta sha a nono, Hausa kuwa a babbar kasuwa ta tsince ta, a gefen buhunan albasar uwarta Agnès. Da aka ɗauke ta gwaji sai tashar ta tura ta wurin Malam Ridwan ya gyara mata baki. Shi jikan fataken Kano ne da suka zauna a Garwa, ya je Kano ya yi karatu, ya dawo yana koya wa ma'aikata da masu jinya Hausa a wani ɗaki bayan kantin mahaifinsa.

Ranar farko ya tambaye ta, "Ina ake kai yaro marar lafiya?"

"Lopital, Malam."

Ya runtse ido kamar an taka masa ƙafa. "Asibiti. Wannan da kike yi Hausar sayen manja ce. Mai magana a rediyo sai ya yi ta yadda masu ita suke yi."

"Su wa ne masu ita?"

"Kanawa."

Ya cika mata waya da shirye-shiryen rediyon Najeriya. Ta saurara a bayan mashin, ta saurara tana wanki, ta maimaita har 'yan ƙungiyar waƙa a coci suka fara kiranta Hajiya. Wata rana Malam ya kunna wa wani baƙonsa muryarta, baƙon ya tambaya ko 'yar wace unguwa ce a Kano. Babu wanda Malam bai ba wannan labari ba.

Daga ofishin Madam, Estelle ta tare ɗan mashin ta nufi kasuwa, layin busasshen kifi. Can ne rumfar Goggo Aminatu, ƙawar uwarta, wadda rediyonta ke rataye a jikin ginshiƙi, layin gaba ɗaya shi yake saurare.

"Goggo, ina wuni?"

"A'a, 'yar mai albasa! An zama manya, an daina zuwa. Ina aikin rediyon? Ni fa ban taɓa jin ki ba. Ko shara kike musu?"

Matan rumfunan kusa suka kwashe da dariya.

"Goggo, ba ku ji sanarwar allura ba? Jikokinki fa?"

"Ta Najeriya? Mun ji. Su can kullum cikin allura suke."

"Ta nan ce."

"Ke dai bari. Rediyon nan nawa ne ya lalace. Ina cikin jin tasharmu, sai wata 'yar Kano ta faɗo mini, wai jama'a masu sauraro barkanmu da warhaka. In murɗa nan, in murɗa can, ina neman tasharmu, babu. Sai in kashe abina. Har wurin Brahim mai gyara na kai shi, ya ce lafiyarsa ƙalau. Shi ma bai san aikinsa ba."

"Ai an ambaci Garwa a ƙarshen sanarwar."

"Wa zai tsaya har ƙarshe? Ina da ciniki."

Estelle ta gyara tsayuwa, ta yi gyaran murya, ta ce, "Jama'a masu sauraro, barkanmu da warhaka."

Goggo ta riƙe baki, kifi a ɗaya hannun.

"Ke ce? Wa ya yi miki wannan aika-aika?"

"Malam Ridwan ne ya koya mini."

"Ɗan Alhaji Dawuda? Wanda yake wucewa ta nan da majina yana kukan ba zai je makarantar lekol ba?" Ta juya wurin maƙwabciyarta. "Kin ji, ashe rediyona lafiya lau. Yarinyar ce aka murɗa."

Layin kifi ya ji labarin allura a ranar. Amma unguwar Hausawa ta fi layin kifi girma, kuma Estelle ta san yadda Goggo ta kashe rediyo haka aka yi ta kashewa a gidaje.

Washegari da hantsi ta tarar da Hashim a kan benci a bakin ƙofa, sanye da sabuwar hula. Malam Ridwan yana bayan gilashi tare da Madam, cikin farar shadda.

"Kada ki yi sauri," ya ce mata. "Yadda muka saba. Ba ni da ɗalibin da ya kai ki."

"To, Malam."

Ta zauna, ta sa abin ji a kunne. Sanarwar da suka gyara tare tana gabanta. In ta karanta ta yadda suka saba, Malam zai ce ta iya, rediyoyin unguwa kuma su mutu ɗaya bayan ɗaya. Jar fitila ta kama.

"Jam na, mutanen Garwa! Kar kowa ya taba rediyo, bai lalace ba. Ni ne Estel, yaron Agnès mai albasa na babban kasuwa. Goggo Aminatu, cire hannu, ina ganin ka! Yau ne karshen pikir na kyanda. Ba Najeriya ba, nan nan, lopital na unguwa, bayan lekol. Kyauta ne. Wanda yana da moto ya hau, wanda babu ya zo da kafa. Kowa ya gaya ma makwabcinsa. A kawo yara, dan Allah. Useko!"

Malam Ridwan ya cire tabarau, ya ninke, ya sa a aljihu. Estelle ta sake maimaitawa da Hausarta ta kasuwa, ta ƙara da sunayen layukan kasuwa, masu goro, masu atamfa, mahauta. Da fitilar ta mutu ta fito.

"To?" in ji Madam, tana kallon Malam.

"Ba abin da na koya mata ba ke nan. In tambayarki ita ce ko wannan Hausar rediyo ce, amsata a'a."

Madam ta gyaɗa kai, ta leƙa ƙofa ta kira Hashim. Estelle ta ɗauki jakarta daga kan kujera.

Wayar Malam ta yi ƙara. Matarsa Nafisatu ce, mai muryar da ba ta buƙatar lasifika.

"Baban Nasiha, kana ina? 'Yar Agnès ta ce yau ne ƙarshen pikir! Zo da moto mu kai yara, layi ya fara tsawo!"

Ya juya ya fuskanci bango, ya rage murya. "To, to, ki sa musu takalma, ga ni nan. Lopital na bayan lekol ko?"

Estelle ta ɗaga kai tana kallon fanka. Hashim ya yi tari.

Kafin Malam ya mayar da wayar aljihu, ta Madam ta ɗau ƙara. Ta saurara, tana cewa "oui, oui", ta katse.

"Daga asibiti ne. Sun aika a aro musu bencina daga makaranta. Suna so a sake sanarwar, a ce masu jarirai su shiga ta ƙofar baya." Ta dubi Hashim, ta dubi Estelle. "Ban san wace iri kika yi ba, amma ita za ki ci gaba da yi. Ajiye jakar nan, kujerar taki ce. Hashim, sai haƙuri."

Hashim ya gyara hularsa, ya yi sallama ya fita.

"Ra'ayina bai canza ba, Madam," in ji Malam daga bakin ƙofa, makullin mashin a hannunsa.

"Na ji, Malam."

Ya dubi Estelle. "Darasi yana nan ranar Alhamis."

"Zan zo, Malam."

Ya sauka matakala da sauri, shaddar tana kaɗawa. Estelle ta koma ciki ta jawo kujera, ta ture takardar gefe. Ta taga ta ji ya buga mashin, ya ƙi tashi, ya sake bugawa. Jar fitila ta kama.