Batiran da Suka Sha Rana

Ranar Talata da hantsi Zinariya matar Na'Allah ta shigo shagon Mijinyawa mai gyaran rediyo, a unguwar Briketeri ta Yawunde, da wani abu nannaɗe cikin tsohon zane. Tun kafin ta warware ya gane, don wuyan gurmin ya leƙo.

"Yaya Mijinyawa, abokinka ya ce in ya kai Juma'a yana ganin wannan a ɗaki, a wutar soya zai ƙare."

"Na'Allah ne ya faɗi haka?"

"Wa nake da shi in ba shi ba? Jiya 'yarmu Safiyatu ta dawo daga lakwal, makarantar bokonsu, tana kuka, wai yara na ce mata 'yar Sauro. Ka ba duk wanda ke so. Ni dai ba zan tsaya ina kallo ya ci wuta ba, da shi ya shawo kaina tun ina gidanmu."

Ta tafi ta bar shi da gurmi a kan teburi.

Na'Allah mai soya ne, wato tsire, tukubarsa na nan gefen shagon, bencin majalisa a tsakaninsu. Mutumin Gusau ne, shekararsa goma a Yawunde. Ba maroƙi ba ne, bai taɓa yi wa kowa waƙa don a ba shi ba. Shi dai yana yanka nama yana haɗa baitoci, a kan ruwan saman garin nan da ba ya gajiya, a kan shanun da jirgin ƙasa ke saukewa daga Ngaundere. Murya gare shi mai kauri, irin wadda kake jinta a ƙirjinka. Sai dai kunya, in mutum uku suka tsaya sai ya yi shiru.

Zamanin Ahijo ne, kaset bai daɗe da shigowa unguwar ba, kuma Mijinyawa ne ya fara sayo rikoda daga Duwala. Ya cika mutane da labarinta. Shekara biyu da suka wuce Na'Allah ya same shi a gefe, ya ce yana so ya ɗauki waƙa ɗaya ya aika wa tsohuwarsa, ta ji muryarsa. Ɗakin Na'Allah babu kuran, wato wutar lantarki, dole sai da batir. Mijinyawa na da sababbi huɗu a aljihun teburi. Ya duba su, ya mayar, ya miƙa hannu kan kwanon shago ya ɗauko tsofaffi huɗu da ya shanya su sha rana, yadda kowa ke yi don su ɗan farfaɗo. Ya kai rikodar ɗakin, ya danna, ya ce, "To Na'Allah, bisimilla, na danna," ya koma shago.

Da la'asar majalisa ta cika, har da Alhaji Baballe dillalin shanu na Etudi, wanda dariyarsa ake ji daga bakin masallaci. Mijinyawa ya jona rikodar da kuran, ya danna, murya na ƙasa. Abin da ya fara shiga kunnensa muryarsa ce, siririya kamar ta ɗan tsako. Nan take ya gane. Batiran sun gaji, sun ja kaset a hankali wajen ɗauka, yanzu kuran ya ja shi da ƙarfinsa, komai ya yi sauri ya tsuke. Babu wanda ya ji sai shi. Da ya kashe, da shi ke nan. Amma mutane sun zuba ido, sai ya bari tasa ta wuce, ya ƙara murya.

Waƙar shanu ta fito tana zizizi, gurmin na gudu kamar an biyo shi. Alhaji Baballe ya riƙe ciki.

"Kai! Na'Allah, ashe sauro muke zaune da shi!"

Aka kece. Na'Allah na tsaye da wuƙa a hannu, yana murmushin da bai kai ido ba. Da dariya ta lafa ya ce, a hankali, "Yaya Mijinyawa, ko dai injin ne?"

Mijinyawa ya gyara hula. "Injina ba ya ƙarya. Abin da ka ba shi, shi yake mayar maka. Kowa haka yake, ba ya jin muryarsa sai an ɗauka."

Wannan maganar ce. Tun ranar Na'Allah bai ƙara rera ko baiti ba, kaset bai je Gusau ba, sunan Sauro kuma ya bi shi har unguwar Elig-Edzoa. Kuma kullum, in ya gasa na farko, sai ya miƙo wa Mijinyawa tsinke biyu da yaji a takarda, kamar yadda ya saba. Mijinyawa yakan ci. Ya sha cewa a ransa gobe zai faɗa. Goben ta yi ta tsawo, har faɗin ya fi ƙaryar nauyi.

Da Zinariya ta fita ya jawo akwatin da ke ƙarƙashin teburi. Kaset ɗin na nan, bai taɓa iya ɗaukar wani abu a kansa ba. Ya tattaro duk tsofaffin batiran shagon, ya jera su a kan kwano. Laraba da Alhamis bai taɓa rediyon kowa ba. Ya sa waɗannan huɗu, murya ta yi sama. Ya sa waɗancan, ta yi ƙasa kamar ta mai maye. Da muryarsa yake aunawa, yana maimaita "na danna" da bakinsa yana saurare, har ya dace da huɗun da gajiyarsu ta zo daidai da ta wancan karon. Da waƙar ta fito yadda take, sai ya kashe.

Zai iya kiran Na'Allah cikin shago ya kunna masa su biyu, ya yi wannan tunanin sosai. Amma ba a cikin shago aka yi dariyar ba.

Juma'a bayan la'asar benci ya cika. Ya fito da rikodar, ya jona da kuran. Alhaji Baballe ya tafa hannu.

"Yau za a tashi Sauro ke nan?"

Na'Allah bai ɗago ba, yana juya tsinke.

"Alhaji, saurara daga farko," in ji Mijinyawa. Ya ƙure murya. "To Na'Allah, bisimilla, na danna," ta fito siririya, tana rawa.

"Wannan kuma wace yarinya ce?"

"Ni ne."

Aka yi dariya, amma gajeriya. Ya zare wayar, ya mayar da kaset baya, ya zura batiran a gabansu ɗaya bayan ɗaya. Ya danna. Muryarsa ta fito tasa, wadda kowa ya sani. Sai gurmi ya shigo a natse, sannan muryar Na'Allah, mai kauri, tana kirga shanun da suka kwana uku a tsaye cikin tarago suna neman ƙamshin ciyawar gida. Wani mai taksi da ya tsaya sayen soya ya kashe mota.

Mijinyawa ya faɗi komai, sababbin batiran da ya hana, da yadda ya rage murya don kada a ji tasa. Alhaji Baballe ya cire hula ya shafa kai.

Na'Allah ya ajiye wuƙa. "Tun ranar ka sani, Yaya?"

"Tun kafin ka buɗe baki a kaset."

"Shekara biyu."

"Shekara biyu."

"Kana cin soyata."

Waƙar na ci gaba, batiran sun fara ja da baya. Na'Allah ya karkata kunne, ya ɓata fuska.

"Baiti na uku bai yi ba. Ba haka shanu ke sauka ba, da baya suke turjewa. Na gyara shi tuntuni, a cikina."

"In za ka sake," in ji Mijinyawa da sauri, "ba a ɗakinka ba, kwano na mayar da sauti. Shagon atamfar Hajiya Kulsum za mu, tsakanin dilolin zane. A ɗora injin kan matashi don kada kukansa ya shiga, bakinka taki ɗaya daga wurin ɗauka, gurmin ɗan nesa."

"Duk wannan ka san shi tun wancan karon?"

"Na sani."

Na'Allah ya goge hannu a jikin riga. "Ina gurmina?"

Aka miƙo masa. Ya taɓa tsirkiya, ta saki, ya shiga ɗaure ta yana gwadawa da babban yatsa.

"Batir sababbi," ya ce, bai dubi kowa ba. "Ni zan yage takardarsu da hannuna. Mohaman direba na tafiya Najeriya ranar Litinin, tsohuwa ta fara rashin ji, gara ya kai mata da sauran kunne."

Da ya gasa na farko ya naɗe tsinke biyu da yaji a takarda, hannunsa ya nufi shago kamar kullum. Sai ya tsaya, ya juya, ya miƙa wa mai taksi. Mijinyawa ya kwashe tsofaffin batiran ya shige ciki. Daga can yana jin tsirkiya na hawa, kaɗan kaɗan.